Ruwa ya daina wucewa a sinkin kicin: in zuba kostik soda ko in kira mai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kusan mako 3 ke nan ruwa ba ya wucewa da sauri a sinkin kicin ɗina. In na gama wanke-wanke sai ruwan ya kwanta, ya yi kamar minti 20 kafin ya tsiyaye, ga wari yana tasowa. Na zuba ruwan zafi, na gwada bekin soda da ruwan kal kamar yadda na gani a intanet, ya ɗan saki na kwana biyu sannan ya koma gidan jiya. Yanzu an ce in sayo kostik soda in zuba. In zuba ne, ko in kira mai gyaran famfo?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki ajiye maganar kostik soda tukuna. Tunda har ruwan yana wucewa ko da a hankali ne, bututun bai toshe gaba ɗaya ba, hanyar ce ta ƙuntata. Kuma irin wannan toshewa galibi ba ta da nisa, tana nan ƙarƙashin sinkin inda hannunki zai kai.

Ki buɗe ƙasan sinkin ki leƙa. Za ki ga bututun ya sauko, ya lanƙwasa kamar harafin U, sannan ya nufi bango. A wasu gidajen kuma wani ɗan gwangwani ne mai kama da kwalba wanda ake kwance gindinsa. Masu aikin famfo tarko suke ce masa, kuma da gangan aka yi shi haka: kullum yana riƙe da ɗan ruwa wanda ke tare warin magudana kada ya hauro cikin gida. Sai dai inda ruwa ya kwanta, nan datti ma yake kwanciya. Mai da kitse suna shiga a narke saboda ɗumin ruwan wanke-wanke, da sun taɓa bututu mai sanyi sai su daskare su manne a jikinsa. Ɓurɓushin abinci ya zo ya lafe a kan maiƙon, gobe wani maiƙon ya sake rufe shi. Bututun sinkin kicin yawanci faɗinsa milimita 40 ne kawai, don haka ba sai an tara da yawa ba kafin hanyar ta koma kamar kaurin yatsa.

Shi ya sa abin da kika gwada bai ɗore ba. Ruwan zafi ya narkar da saman maiƙon, ya tura shi gaba kaɗan, ya huce, maiƙon ya sake daskarewa. Bekin soda da ruwan kal kuwa, kumfar da suke yi ce ke burge mutane. Ɗaya yana kashe ƙarfin ɗaya ne, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne da iska, iskar kuma ta sama take fita tunda bakin sinkin a buɗe yake. Yana iya rage wari, amma ba ya cire daskararren maiƙo. Ki kuma yi hattara da tafasasshen ruwa kai tsaye daga kan wuta. Bututun roba na PVC bai son zafin da ya wuce digiri 60, ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, idan ya kwanta a ciki zai iya tausasa bututun ya sassauta mahaɗarsa.

Abu na farko da za ki nema shi ne filanja, robar nan mai kama da ƙoƙo da sanda a kanta. Da yawa suna cewa ba ta aiki, alhali riƙon ne ba su iya ba. Ki tara ruwa a sinkin har ya rufe robar, domin ruwa ne ke tura toshewar, iska matsewa kawai take yi. Idan akwai ƙaramar kafa a saman sinkin wadda ke hana ruwa ambaliya, ki cusa mata jiƙaƙƙen tsumma. In sinkin mai baki biyu ne, wani ya danne ɗaya bakin da tsumma, in ba haka ba duk ƙarfin da kika sa ta can zai fice. Sai ki ɗora robar ta zauna daram, ki danna ki ja da sauri kamar sau 15 zuwa 20 ba tare da ta ɗago ba, sannan ki fizge. Jan ya fi dannawar amfani, shi ke girgiza dattin ya rabu da jikin bututu.

Idan kin yi haka sau uku babu canji, ki kwance tarkon. Wannan ne aikin da mutane ke tsoro, kuma shi ne ya fi sauƙi. Ki sa safar hannu, ki ajiye bokiti a ƙasa. Akwai manyan noti biyu na roba, ɗaya sama ɗaya gefe, yawanci da hannu ake murɗe su. In sun yi tauri ki naɗe da tsumma ki murɗa. Da kin sassauta, baƙin ruwa zai zubo, warin ba daɗi, ki daure. A ciki za ki tarar da wani abu toka-toka mai danƙo, wani lokaci har da tsinke ko ƙaramin cokalin da aka daɗe ana nema. Ki kwashe shi ki zuba a shara, ki wanke tarkon da tsohon buroshi da sabulu. A wani wurin za ki wanke shi fa, ba a sinkin da kika kwance ba. Kada ki yi dariya, ƙwararru ma suna mantawa, sai su buɗe famfo ruwa ya zubo musu a ƙafa.

Kafin ki mayar, ki haska bututun da ya shiga bango da tocila. Idan nan ma a cushe yake, akwai wata doguwar waya mai lanƙwasa da ake murzawa tana shiga, ita ce ke kamo abin da ya yi nisa. Wajen ɗaurawa ki tabbata zoben robar da ke cikin kowane noti ya koma mazauninsa, ki murɗa da hannu kawai, matsewa da ƙarfi na fasa noti. Ki saki ruwa, ki shafa busasshen tsumma a mahaɗar ki ga ko tana yoyo.

Mu dawo kan kostik soda. Gaskiya ne tana cin maiƙo da gashi, amma da ita ake yin sabulu, kuma abin da take yi wa kitse ke nan a cikin bututu. In ruwa bai tafi da shi ba sai ya sandare ya fi na da tauri. Tana yin zafi sosai idan ta haɗu da ruwa, tana cin alminiyom, tana ƙone fata, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. Mafi muni shi ne wanda ya zuba wannan bai ga aiki ba, sai ya bi shi da wani. Kostik soda da asid suna haɗuwa su tafasa su fantsamo sama. Bilic (sinadarin nan na wankin fararen kaya) da asid, har da ruwan kal, suna fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu. Kuma duk sinkin da aka zuba wa sinadari ba a sa masa filanja, don a fuska zai watso.

Lokacin kiran mai gyara shi ne idan kin wanke tarko kuma ruwan bai saki ba, ko kika ga bahon wanka da sinkin banɗaki su ma sun fara ja da baya, ko kika saki ruwa a wuri ɗaya ya ɓullo a wani. Wannan alamar babban bututun gida ce. Haka nan idan sinkin yana toshewa duk bayan 'yan makonni, a duba gangarar bututun, ana son ya riƙa sauka kamar santimita 2 a kowace mita. Idan mai gyaran ya zo, ki gaya masa duk abin da kika zuba a ciki kafin ya sa hannu.

Bayan bututun ya buɗe, ki sa 'yar rariya a bakin sinkin, ki riƙa share maiƙon tukunya da takarda kafin ki wanke, ragowar mai kuma a juye shi a gwangwani ya tafi shara.