Firijin motar zango da ya ƙi komawa gas bayan an zare filogi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce firijin motar zangonka, wato motar da ake kwana ana girki a cikinta lokacin tafiya, yana sanyi lafiya lau muddin yana jone da lantarki, amma da zarar ka zare filogi sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a bayansa, jim kaɗan fitilar gargaɗi ta kama, alhali tukunyar gas cike take. Kana son sanin yadda yake gane lokacin sauyawa, da kuma ko ya mutu ne. Shekara tara ke nan ina amfani da irinsa, kuma ina kyautata zaton naka bai mutu ba.

Wannan firij ba irin na gida ba ne. Ba shi da kwamfuresa, shi ya sa ba ka jin gurnaninsa da dare. Zafi yake ci ya ba da sanyi. A bayansa akwai rufaffen bututun ƙarfe mai ɗauke da amoniya da ruwa da iskar haidirojin. Ana dafa amoniya da ruwan a wata 'yar tukunya, amoniya ta tashi sama ta huce ta zama ruwa, ta gangaro ta haɗu da haidirojin a bayan ɗakin ƙanƙara, nan ta sake zama tururi tana zuƙe zafin cikin firij, sannan ruwa ya shanye ta ya mayar da ita tukunya. Wasu ɗalibai biyu a Sitokholm ta ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙirƙiro dabarar a 1922, kuma har yau a kanta firijin Dometic da Norcold na gas suke tafiya.

To ita 'yar tukunyar nan ba ruwanta da inda zafi ya fito. A jikinta an liƙa hitar lantarki, mai cin wat 300 ko kusa da haka a manyan firij, a ƙarƙashinta kuma ɗan murhun gas ɗin furofen wanda harshen wutarsa bai wuce ɗan yatsa ba. Sauyawar da kake tambaya a kai iyakarta ke nan, a kashe wannan a kunna wancan. Tunda naka yana sanyi da lantarki, bututun amoniya lafiyarsa ƙalau, kuma shi ne ɓangaren da in ya lalace ake jin jiki.

Mai yanke hukunci wani ɗan allon sarrafawa ne da ke bayan firij. In ka sa maɓalli a kan Auto, kullum lantarki yake fara nema. Ya same shi, ya tura wa hita. Ya rasa, sai ya buɗe bawul ɗin gas ya riƙa harba tartsatsi, ƙarar da kake ji ke nan. Akwai ɗan tsinken ƙarfe a bakin murhun da ke shaida masa wuta ta kama. In ya jira daƙiƙoƙin da aka ɗibar masa, 45 a wasu samfura, shaida ba ta zo ba, sai ya rufe gas ya kunna fitila, kuma ba zai sake gwadawa ba sai ka kashe firijin ka kunna. Wannan kariya ce, don kada gas ya yi ta zuba ba wuta.

Abin da ya ɓata mini lokaci a shekarata ta farko shi ne ban san allon nan da batirin motar zango yake rayuwa ba, bolt 12, ko da a kan gas ake. Na ɗauka gas shi kaɗai ya wadatar. Na sauya tukunyar gas, na goge murhu, har na fara neman sabon allo, ashe batir ne ya gaji. Abin da ke ruɗa mutum shi ne, muddin kana jone da lantarki, cajar motar ce ke ciyar da allon, raunin batir ba ya bayyana. Ka zare filogi, nauyi ya koma kansa, ƙarfinsa ya isa ɗan tartsatsi amma ya kasa riƙe bawul a buɗe. Ka sa mita a kansa bayan ka zare filogi. Cikakken batir yana nuna wajen 12.6, in ka ga ya faɗo ƙasa da 12 yana ci gaba da sauka, daga nan za ka fara.

In batir lafiya yake, ka tuna ko ka sauya tukunyar gas kwanan nan, ko motar ta daɗe a ajiye. Iska kan cika bututu, firij kuma gas kaɗan yake ja, lokacinsa kan ƙare kafin iskar ta fita. Kunna murhun girki har wutarsa ta tsaya shuɗiya, ka kashe, sannan ka gwada firijin sau biyu ko uku.

Bai kama ba? Rufe gas, buɗe ƙofar waje ta bayan firij, ka leƙa bututun murhun. Gizo-gizo na son yin saƙa a ciki, tsatsa ma kan zubo daga bututun hayaƙi ta toshe shi. Ka hure, ka goge tsinken nan. Amma don Allah kada ka zura allura a ƙaramin ramin da gas ke fitowa. Faɗinsa aunanne ne, in ka buɗa shi wuta za ta yi rawaya tana toka, kuma irin wannan wutar ce ke fitar da iskar da ke kashe mutum cikin barci. Duk abin da ya kai ga kwance mahaɗar gas, ka bar wa ƙwararre.

Akwai kuma kishiyar matsalarka, gara ka san ta tun yanzu. Na taɓa kwana huɗu a jone da lantarki, sai ga gas ya ƙare. Maɓallin kariya na soket ɗin firij ne ya faɗi, allo ya ga babu wuta, ya koma gas shiru bai gaya wa kowa ba. Mai inbata kuma ya kula: allon ba ya bambanta wutar waje da ta inbata, zai ɗora hita a kanta ta tsotse batir cikin 'yan awoyi. A irin wannan hali ni da hannu nake sa shi a kan gas.

In naka mai hanya uku ne, wato mai aiki da gas da lantarki da batirin mota, hitar bolt 12 ta lokacin tafiya ce, sanyin da aka riga aka samu take riƙewa. Wasu na Turai sukan jira minti 15 bayan an kashe injin mota kafin su harba tartsatsi, saboda tsayawa shan mai. Na Amurka da yawa ba sa jira, don haka ni kashe firij nake yi kafin in shiga gidan mai.

Lokacin gwajin ka tabbatar motar a daidaice take, domin ruwan da nauyinsa yake gangarowa, karkace kuwa na ƙona tukunyar amoniyar a hankali. Ka ba shi awa takwas zuwa kwana guda kafin ka ce bai yi sanyi ba. In ka buɗe baya ka ji warin amoniya ko ka ga gari rawaya a jikin bututu, ka kashe shi nan take, gas da lantarki duka, kada ka sake kunnawa.

Ka auna batirin ka gaya mana abin da mita ta nuna.