Tambayi Likita: Yanar ido, hawan jinin ido da labarin dashen ido

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Tawa: Likita, baba na da yana a ido biyu, da ƙyar yake gane mutum sai ya ji murya. Ana ta ce mana mu jira ta nuna, kuma akwai wani mai magani da ke zuwa ran kasuwa, ya ce zai kawar da ita nan take. Me za mu yi?

Amsa: Malam, kada ku bari mutumin nan ya taɓa idon baba. Abin da yake yi shi ne ya soka tsinke ya ture yanar ta faɗa cikin ido. A ranar majinyaci zai ga haske, dangi su yi ta murna, amma yanar tana nan ciki, tana jawo kumburi da hawan jinin ido, ga ƙwayoyin cuta da tsinken ya shigar. Da yawa cikin irin waɗannan idanu ba sa gyaruwa.

Batun jira ta nuna kuwa, maganar zamanin da ce. Yana ba fata ba ce da ta rufe ido daga waje, madubin da ke cikin ido ne ya yi hazo. Tun 1949 likitan ido Harold Ridley ya fara saka madubin roba a madadinsa a Landan, a 1967 kuma wani likitan, Charles Kelman, ya fito da hanyar farfasa yanar da na'ura a zuƙe ta ta ƴar ƙaramar kafa. Yau ana aikin da allurar kashe zafi, mutum na farke, sau da yawa ba a ko ɗinki, washegari a cire bandeji. Da zarar yana ta hana mutum harkarsa, lokacin aiki ya yi. Ku kai shi sashen ido na babban asibitin jihar Tawa, a fara da ido ɗaya.

Tambaya daga wata Hajiya a Bukoki, Yamai: An ce ina da hawan jinin ido, shekaru ke nan ina ɗiga magani safe da dare. Na gaji, ga tsada, kuma ni ban ga ganina ya ƙaru ba.

Amsa: Hajiya, ba zai ƙaru ba, kuma wannan ba ya nufin maganin ba ya aiki. Cutar tana cin jijiyar gani ne daga gefe-gefe, shiru, babu ciwo. Abin da ta ci ya tafi, maganin yana tsare wanda ya saura. Saboda haka kada ki daina don kanki.

Amma akwai labari mai daɗi. Ana haska hasken leza a magudanar ruwan ido na ƴan mintoci, a zaune, ba yanka, sai matsin da ke cikin idon ya sauka. Wani bincike da aka yi a garin Moshi na Tanzaniya, aka buga a 2021, ya nuna bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 cikin ɗari na idanu, maganin ɗigawa na timolol kuwa kashi 31. Wannan binciken ya fi min da yawa daga na Turai muhimmanci, don a kan ƴan Afirka aka yi shi, kuma cutar ta fi saurin kama mu. Ki tambayi likitanki ko idonki ya dace da ita. Tasirinta kan ragu da shekaru, sai a maimaita. Ƴaƴanki da ƙannenki su ma su je awo, tana bin jini. Kuma don Allah a guji maganin jan ido na ƴan tebur, wasu na ɗauke da kotizon, wanda shi kansa yana ɗaga matsin ido.

Tambaya daga wani ɗalibi a Yamai: Na gani a Facebook an yi dashen ido a Amurka. Yayana ya makance, za a iya yi masa?

Amsa: Ƙanena, an yi, a New York a 2023, wa wani mutum da wutar lantarki ta ƙona fuska. Idon ya rayu, jini na gudana, amma bai gani da shi ba, don haɗa jijiyar gani da ƙwaƙwalwa bai yiwu ba tukuna. Dashen da ke maido da gani shi ne na tantanin gaban ido mai kama da gilashi, wanda ake yi tun 1905. Akwai kuma Luxturna, maganin gyaran ƙwayar gado da Amurka ta amince da shi a 2017, amma na wata makantar gado ce guda ɗaya tak, kuɗinsa lokacin da ya fito dala 850,000 ne. Ba ka faɗi abin da ya makantar da yayanka ba, kuma komai ya rataya a kan wannan. A duba shi tukuna.

Tambaya daga Madawa: Kakata gashin idonta na sokar mata ido, kullum muna tsige shi da matsefata.

Amsa: Ƙarshen amodari ke nan, fatar ido ta nannaɗe ciki. Tsigewa sauƙin ɗan lokaci ne, gashin zai sake tsirowa ya ci gaba da goge gaban idon har ya yi fari. Ƙaramin aiki ake yi a juyo da fatar waje, kuma akwai ma'aikatan jinya da aka horar don shi a asibitocin gundumomi. Yaran gidan kuma a riƙa wanke musu fuska kullum, su sha maganin azitromisin idan masu rabo sun zo.