Fatawa: Shin Fim ɗin Faɗa Ne Ke Lalata Yaro?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni magidanci ne a Kurna. Ɗana mai shekara 12 ba ya rabuwa da fina-finan faɗa da bidiyon 'yan daba a waya. Kwanan nan ya fasa wa ɗan maƙwabci kai da gora, ya ce wasa suke irin na fim. Shin kallon haramun ne? Kuma laifin na fim ne ko na yaron?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya shirya mana zuriya.

Ɗan'uwa, ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa, don haka mu fara jin masana harkar. Da can ana ɗauka saƙon rediyo da fim kamar allura yake, da an tsira wa mutum sai ya bi jini. Binciken Paul Lazarsfeld a kan zaɓen Amurka na 1940 ya raunana wannan, domin ya gano maganar na kusa da mutum ta fi ta rediyo da jarida kama shi. Daga baya, a 1961, Albert Bandura ya sa ƙananan yara suka kalli babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba, da aka bar su da ita sai suka kwaikwaye shi. A 1963 ya maimaita da fim, aka sake ganin kwaikwayon. George Gerbner kuwa cewa ya yi yawan kallo yana sa mutum ya riƙa ganin duniya ta fi yadda take haɗari. Har yau masanan suna saɓani a kan girman tasirin, kuma dukan 'yar tsana daban, saran mutum daban. Abin da ya fi tabbata shi ne kallo sababi ne cikin sabubba, yana ƙarfi idan ya tarar da ƙaramin yaro, da gidan da babu sa ido, da mugayen abokai, da ƙwaya.

Shari'a ba ta haramta kallon faɗa don kansa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, Annabi (SAW) yana kāre ta. Saboda haka fim ɗin da babu tsiraici, bai ƙawata zalunci ba, bai hana salla ba, asalinsa halal ne ga baligi mai hankali.

Sai dai a mazhabarmu ta Malikiyya akwai ƙa'idar saddu zari'a, wato toshe ƙofar da galibi take kaiwa ga ɓarna. Ɗanka ya riga ya nuna inda ƙofar take kai shi, hana shi irin wannan kallo yanzu wajibi ne a kanka, domin kai makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonka. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba za ta shiga wayar da ke ƙarƙashin filon ɗanka ba.

Bidiyon daba kuwa ya fi fim muni nesa ba kusa ba. A fim kowa ya san jinin na ƙarya ne. Nan kuwa yaro yana ganin matashin da ya sani a unguwa riƙe da barandami, ana yi masa kirari, dubbai suna yabawa a TikTok. Ɗaukarsa da yaɗa shi don burgewa haramun ne, taimakekeniya ce a kan zunubi da ƙetare iyaka, wadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana. Muslim ya ruwaito mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami, balle mai tallata saran. Wanda ya miƙa wa hukuma don a kama masu laifi bai shiga ciki ba.

Game da raunin, fim ba uzuri ba ne. Babu ƙisasi a kan yaron da bai balaga ba, gangancinsa hukuncin kuskure yake ɗauka, amma haƙƙin wanda aka raunata bai faɗi ba. Ka je wurin maƙwabcinka tare da yaron, ka ba da haƙuri, ka ɗauki kuɗin magani, in raunin babba ne ku nemi alƙali ko malami ya ƙiyasta abin da ya wajaba. Kada ka rufe shi da duka, wanda kake hanawa ke nan. Ka binciki su wa yake zama da su bayan Magariba, da wanda yake tura masa bidiyon.

Wallahu a'alam.