Tambaya da Amsa: Dillali Ya Riƙe Min Kuɗin YouTube

Tambaya: Salam Malam. Ina sa bidiyon barkwanci a YouTube, da ƙyar na cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo da suke nema, sai wani gaye ya ce wai ba zan iya karɓar dala da kaina ba, shi zai jona min da AdSense ɗinsa (asusun da YouTube ke biyan kuɗin talla ta cikinsa) mu dinga raba rabi da rabi. Yau wata huɗu kenan kullum maganarsa ɗaya, "ba su turo ba." Ya zan yi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya an yi maka wayo, don Najeriya tana cikin ƙasashen da YouTube ke biya kai tsaye, ba ka buƙatar kowa a tsakani.

Amma fa ban ga laifinka sosai ba, tsarin ne yake wahal da ƙananan masu tasha. Tun 2018 suka sa wannan sharaɗi na mabiya 1,000 da awa 4,000 cikin wata 12, ka sha wuya ka cika, sannan kuma sai kuɗinka ya kai dala 10 su aiko maka, ta gidan waya, lambar PIN ta tabbatar da adireshinka, wadda a nan wajenmu tana iya yin wata da watanni a hanya ko ma ta ɓace, sannan ba za su biya ba sai ka tara dala 100. A wannan jiran dillalai suke samun kasuwa. Ka lissafa ma, YouTube ya riga ya cire kashi 45 na kuɗin talla ya bar maka 55, shi kuma gogan naka ya raba 55 ɗin biyu bai ɗauki ko kyamara ba.

Fara shiga YouTube Studio, wato shafin da kake kula da tasharka, ka duba wajen kuɗin shiga, a can za ka ga abin da tashar ta samu wata-wata, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. In ka taɓa ba shi faswad ɗin Gmail, canza shi yau ɗin nan kafin ka yi masa magana, ka kuma cire shi daga masu izinin shiga tashar. Sai ka buɗe AdSense da sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka ka jona shi da tashar a maimakon nasa, ana iya canzawa sau ɗaya duk kwana 32.

Kuɗin baya kam yana asusunsa, YouTube ba zai karɓo maka ba. Ka je masa da hotunan nan da wani babba da yake jin nauyinsa.