Tana ta cika min lambu bayan ambaliya, in zuba mata magani?

Tambaya: Malam, ina da lambun tumatir da barkono a fadama kusa da Haɗeja. Ruwa ya kwana uku a kai. Da ya janye sai na tarar da tana birjik a saman ƙasa, wasu sun mutu, wasu na motsi, tumatir kuma ya yi yaushi. Shin ruwa ne ke kashe ta? Maƙwabcina ya ce ita ke cin saiwa, in sayi magani in zuba. Hankalina ya tashi.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, Malam. Kwantar da hankalinka, kada ka sayi komai tukuna.

Ruwa shi kaɗai ba ya kashe wannan halitta da sauri. Ba ta da huhu, da fatarta take shaƙar iska, kuma dole fatar ta kasance da laima. In ruwan yana da isasshiyar iska a cikinsa, takan yi kwanaki har makonni da ranta. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, a littafinsa na 1881 kan tana, ya kawo cewa wani masani Bafaranshe mai suna Perrier ya ajiye manyansu cikin ruwa kusan wata huɗu ba su mutu ba, alhali dare ɗaya cikin busasshen ɗaki ya isa ya hallaka su. Ruwan da ya kwanta a fadama daban ne: ba ya gudu, rana ta dafa shi, ruɓaɓɓen ganye ya zuƙe iskar da ke ciki. Dole ta fito, sai rana ta ƙarasa ta. Ƙwanta kuwa yakan tsira a ƙasa, bayan 'yan makonni sabbi su ƙyanƙyashe.

Yanzu ga abin da ke ɓata min rai, kuma kusan kullum sai na ji shi. Wa ya ce tana na cin saiwa mai rai? Ba ta da haƙori ko ɗaya. Abincinta ruɓaɓɓen ganye da taki da ƙasa. Tumatirinka ya yi yaushi ne domin saiwarsa ma ta rasa iska a kwana ukun nan. Abin da ya koro ta waje shi ne ya shaƙe shukarka. Idan ka tuge tumatir ka ga ƙulle-ƙulle a saiwa, wannan aikin wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani, babu ruwan tana.

Amma sai mai tebur a kasuwa, wanda bai taɓa karanta takardar jikin kwalba ba, ya ƙulla maka maganin ƙwari na Furadan a leda ya ce barbaɗa. Gubar da ke cikinsa Tarayyar Turai ta hana amfani da ita. Ƙwaya ɗaya na iya kashe tsuntsu. Ka zuba a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina kake zato za ta gangara? Cikin kududdufin da awaki ke sha, yara ke wanka, masunta ke kamun tarwaɗa. Wasu fiya-fiya suke zubawa, wasu gishiri. Gishirin zai tsotse ruwan jikinta ta mutu, sannan ya zauna a ƙasar ya hana shuka shan ruwa. Ka biya kuɗi ka kashe mai huda maka ƙasa kyauta, wadda ramukanta ke sa ruwa ya nutse da wuri, kashinta kuma taki ne. Baɗi ƙasar ta daskare kamar daɓe, a koma ana kukan tsadar takin zamani. Haba jama'a, mu ji tsoron Allah!

Ka buɗe magudana ruwan da ya rage ya fita. Kada ka tattake kunya tun ƙasa na caɓi. In ta tsane, ka ɗan sassauta samanta, ka rufe da ciyawa ko ƙaiƙayi, ka sa takin gida da ya ruɓe sosai. Waɗanda ka gani suna motsi, watsa musu ƙasa mai laima a kai, su da kansu za su koma ciki.