Katan 30 na silikon, kuma ko fanal bita ɗaya ba ka tambaya ba

Wani bawan Allah mai shagon fenti da kayan gyaran bodin mota a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya rubuto min. Ya ce ɗan kawunsa da ke Legas ya kira shi, wai an samu silikon a arha, kuma wai aikinsa ɗaya da gam ɗin PU wato foliyuretan da masu fanal bita ke manna bodi da gilashi da shi, ribar ma za ta ninka. Ya tura kusan duk jarinsa aka loɗo masa katan 30. Yanzu wata 4, katan 3 kawai suka fita, mutum 2 sun dawo suna masifa fenti ya ƙi zama. Tambayarsa: ya karya farashi ne ya rabu da su, ko ya ƙara haƙuri?

Malam, kafin maganar farashi, mutum nawa masu fanal bita ke shigowa shagonka a rana? Goma? Ashirin? Duk ba ka samu ɗaya da za ka miƙa wa kwalba ka ce Oga don Allah gwada min wannan ba, sai ka ɗauki maganar wanda bai taɓa riƙe bindigar gam ba saboda kawai jininku ɗaya. Nan ne ka faɗi. Ban ce ɗan kawunka ya cuce ka ba, wataƙila shi ma haka aka faɗa masa, amma zumunci ba ya sa mutum ya san kaya. Kuma duk ranar da aka ce maka abu mai arha daidai yake da mai tsada, riba ninki biyu, ka tsaya ka tambayi kanka me ya hana duk kasuwar rugawa su saya kafin kai.

Toh ga abin da da ka tambaya da an gaya maka kyauta. Fenti ba ya kama silikon, ko ka fesa sau nawa zai tattare ya ɓare, kuma ko ɗan maiƙonsa ne ya taɓa ƙarfe sai ka ga fentin ya yi ƙananan ramuka irin wanda masu feshi ke cewa idon kifi. Sannan irin silikon ɗin nan na arha mai warin tsami idan an matso shi, wannan warin asid ne yake fitarwa yayin bushewa, yana cin ƙarfen da ba a rufe ba, tsatsa ta fara daga ƙasa inda ba a gani. Ƙarfin riƙonsa kuma bai kai na PU ba. Shi PU irin su Sikaflex yana riƙe ƙarfe gam, yana jure girgizar hanya, yana karɓar fenti, shi ya sa da shi ake manna gilashin gaba.

Shekarun baya akwai wani mai gareji da na sani a Kaduna, an kawo masa bas rufinta na yoyo, ya ga PU ya yi tsada ya shafe haɗin da silikon ya fesa fenti, mota ta fita tana ƙyalli. Damina ɗaya aka dawo da ita, fentin ya tashi kamar ɓawon albasa, ƙarƙashi ja wur da tsatsa. Ya kankare, ya sake aikin daga aljihunsa, kuma direbobin tashar gaba ɗaya suka daina kai masa mota. Kuɗin kwalba 2 ya so ya tsira da su fa.

Saboda haka kar ka kuskura ka ci gaba da tura wa masu gyaran mota kayan nan ko da rabin kuɗi ne, sunan shagonka za ka sayar. Silikon ba banza ba ne, yana jure rana da ruwa sosai, kasuwarsa ce daban. Ɗauki kwalba 5 ka zaga wajen masu haɗa tagogin alminiyom da masu sa gilashin gini da masu aikin famfo da banɗaki, ka ba su a farashin sari, ko uwar kuɗinka kawai ka mayar ka gode Allah. Ka yi sauri kuma, domin yana da ranar lalacewa, duba jikin kwalbar.

Abin da ya dawo hannunka ka sayi PU, amma katan 1 ko 2 kawai. Shi ma yana da nasa hali, yawanci bai wuce wata 9 zuwa shekara a ajiye ba, zafin shagon kwano a watan Afrilu yana rage masa kwana, in an buɗe kuma ya sha iska sai ya daskare. Da danshin iska yake bushewa, don haka da hunturu yakan ɗauki lokaci, ka riƙa faɗa wa masu saye kar su zata jabu ne. Kwalbar farko ka ba fanal bita mafi tsufa a layinku ya gwada a gabanka, sai ya ce ta yi sannan ka ƙara oda, kuma a wannan karon kai za ka kira dilan da kanka.