Ozzy ne ya ƙirƙiro kiɗan metal? Ga amsata

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, na ga bidiyon da ka turo na tsohon mawaƙin nan na Birtaniya, Ozzy Osbourne, yana waƙa a zaune kan kujera, kana tambaya wai shi ne ya ƙirƙiro kiɗan metal, wato kiɗan Turawan nan mai ƙarar jita da ganguna, kuma da gaske ne ya ciji jemage. Bari in yi murya kawai, rubutu zai cinye min lokaci.

Maganar jemage gaskiya ce. A 1982 ne, a garin Des Moines na Amurka, wani ya jefo masa shi kan dandamali, shi kuma ya ce ya ɗauka na roba ne. Sai da aka kai shi asibiti aka yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Shi ke nan, an wuce wurin. Abin da kake son sani, in na fahimce ka, shi ne wa ya kawo wannan sautin mai nauyi, mai kama da rugugin hadari. To ba Ozzy ba ne. Tony Iommi ne, mai jitar ƙungiyarsu ta Black Sabbath. Duk wanda ya ce maka Ozzy ne, bai saurara da kyau ba.

Su huɗu ne fa suka haɗu a 1968, a unguwar Aston ta Birmingham, unguwar 'yan ƙwadago da hayaƙin masana'antu. Ozzy a waƙa, Iommi a jita, Geezer Butler a jitar bas, Bill Ward a ganguna. A da Earth suke kiran kansu kafin su koma Black Sabbath. Ozzy ma kafin nan ya yi aiki a mayanka, har gidan yari ya ɗan shiga saboda sata. Faifansu na farko ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970, kuma a shekarar dai suka sake fitar da faifan Paranoid.

Yanzu ka saurari labarin Iommi da kyau, don nan ne maganar take. Yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar farantin ƙarfe. Ranar da zai ajiye aikin ya kama kiɗa gadan-gadan, ranar ƙarshe fa, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, na tsakiya da wanda ake sa wa zobe. Kuma shi bahago ne. Ka gane? Hannun daman ne ke danna tsirkiya. Wato hannun da zai ci abinci da shi ne ya lalace. Ya fid da rai gaba ɗaya, sai manajan wurin ya kawo masa faifan Django Reinhardt, wani makaɗin jita da ya yi suna a Faransa, wanda gobara ta ƙona masa hannu amma yana kiɗa da yatsu biyu. Jin wannan ne ya dawo masa da zuciya. Ya samo robar sabulun wanke-wanke ya narka ta, ya gyara ta daidai kan yatsunsa kamar 'yar hula, ya manna mata fata don ta riƙe tsirkiya. Da hannunsa ya yi. Tsirkiyar jita ta yi masa tauri, ya koma haɗawa da ta banjo, wani abin kiɗa mai kama da jita, don ta fi laushi. Daga baya, a faifan Master of Reality na 1971, ya sassauta ɗaurin tsirkiyoyin don yatsun su rage zafi, sai sautin ya sauka ƙasa, ya yi kauri, ya yi duhu. Wannan kaurin ne 'yan baya suka yi ta bi, su Metallica da sauransu. Ka ga daga ciwo abin ya fito.

Wallahi wannan maganar ta daɗe tana ci min rai. Muna makaranta akwai wani abokina, ba zan kira suna ba don yana cikin gidan nan, kullum cewa yake Sabbath ta mutu ranar da Ozzy ya tafi. Na ba shi kaset ɗinsu na Heaven and Hell ya je ya ji, ya riƙe min shi wata da watanni, ya dawo da shi ya ce bai ko saka ba, wai tunda ba Ozzy ba ne. Ta yaya za ka yanke hukunci kan abin da ba ka ji ba? An sallami Ozzy a 1978, a'a, 1979 ne, saboda shaye-shaye ya yi masa yawa. Suka ɗauko mawaƙi Ronnie James Dio a madadinsa, suka fitar da wannan faifan a 1980, kuma har gobe yana cikin mafi kyawun abin da suka yi. Mawaƙa sun zo sun tafi, masu ganga sun zo sun tafi, mutum ɗaya ne bai taɓa barin ƙungiyar ba, Iommi. Irin abin da muke yi ne a nan gida, kowa ya san Shata, amma tambayi mutum sunan masu kalangunsa ka ji shiru.

Kuma ko baitukan ma, yawancinsu Geezer Butler ne ya rubuta, ba Ozzy ba. Masu cewa waƙar shaiɗan ce kawai, su je su ji waƙarsu War Pigs, zagin manya ne masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi su kuma suna zaune a gida, lokacin yaƙin Vietnam. Amma bar wannan, doguwar magana ce, sai wata rana.

Kar ka ce na rage wa Ozzy daraja fa. A'a. Muryarsa ba ta da irinta, kana ji ka san shi ne. Kuma bayan an kore shi, kowa na ganin ya ƙare, ya tashi da kansa da faifan Blizzard of Ozz a 1980. Amma ko a can ma duba wa ke gefensa, Randy Rhoads, wani mai jitar ne kuma, yaron da ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgi a 1982 yana da shekara 25. Ozzy ya iya zaɓen makaɗi, wannan na yarda.

Bidiyon da ka turo na wasansu na ƙarshe ne, 5 ga Yuli 2025, a Villa Park, filin Aston Villa, unguwar da suka taso. Cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ce ta hana Ozzy tsayuwa, shi ya sa kujerar. Kwana 17 bayan nan ya mutu, yana da shekara 76. Su huɗun na asali duk sun hau dandamali ranar. Ka koma ka sake kallo, ka bar kallon kujerar, ka nemi dattijon nan mai baƙaƙen kaya da ke tsaye da jita ya riƙe ta a bahagonce. In kyamara ta matso kusa, ka tsayar da bidiyon ka duba kan yatsun hannunsa na dama.